Gadajen Usta Bayumi da Suka Je Yaƙi

A garin Nazlat Hammad, idan aka ambaci Usta Bayumi, wato gwani Bayumi, abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne wani gajere mai faɗin kafaɗa, kwance a kan gado a bakin hanya da rana tsaka, idonsa biyu, yana ta juyi. Baƙo kan ɗauka malalaci ne. Mutanen gari kuwa sun san aiki yake yi.

Sana'arsa zarbar dabino ce, ya gaje ta wajen ubansa, uban kuma wajen nasa uban. Yana yin gado da kujera, da akurkin kaji, da kejin tattabaru. Kayan aikinsa uku ne kacal: wuƙa mai lanƙwasa, ƙarfen huda, da wata tsohuwar guduma da hannu ya cinye wa ƙota. Yakan zauna a ƙasa, ya danne zarbar da babban yatsan ƙafa, ya huda ɗanya, ya cusa mata busasshiya. Idan ɗanyar ta bushe sai ta matse 'yar'uwarta, matsewar da ba mai raba su. Ba ƙusa, ba waya, ba igiya. A wurinsa wanda ya buga wa zarba ƙusa ya zage ta.

Sai kuma al'adarsa da kowa ya sani. Gado ba ya barin rumfarsa sai ya kwanta a kai. Ya juya dama sau uku, ya juya hagu sau uku, ya tashi ya zauna a gefe ya ɗan yi tsalle da mazaunai. In bai ji ko ƙis ba, sai ya kife gadon ya yi tsaga uku a cikin ƙafar dama ta wajen kai. Wannan ita ce shaidarsa. Mutane kan ce gadon mai tsaga uku bai taɓa kayar da kowa ba, kuma duk dukiyar Bayumi a duniya ba ta wuce wannan maganar ba.

A tsallaken hanya akwai rumfar Shahata. Tare suka tashi, tare suka yi iyo a magudanar ruwa, sana'arsu ɗaya. Sai dai Shahata yana da sauri, yana da ƙusa, yana kuma da baki. Kullum bayan la'asar sukan haɗu a shagon gahawa su sha shayi a tebur ɗaya, suna tsokanar juna.

"Ya Usta, yau barci nawa ka yi?" Shahata zai ce.

"Huɗu. Kai fa, mutum nawa ka karya wa ƙugu?"

Haka suke har shekarar da sojojin Jamus suka matso garin Alamain, mutane suka fara ɓoye hatsi. Motocin Turawan Ingila suka cika hanyar da ta bi ta gefen gari ta shiga hamada, dare da rana. Ran nan wata ƙaramar motar soja ta tsaya a gaban shagon gahawa, wani siririn mutum mai jar dara ya fito yana kaɗe wando. Shi ne Girgis Afandi, tafintan soja, wanda a da malamin makaranta ne a garin Ɗanɗa. Ya ce a kira masa masu aikin zarba. Ya ce soja na son gadaje, duk iyakar abin da za a iya yi, kuma da gaggawa.

Shahata ya ɗauki ƙarin hannu, ya sayo ƙusa buhu guda, ya riƙa fitar da talatin a yini. Bayumi da ƙannensa biyu ba sa wuce takwas, domin kowane ɗaya sai ya kwanta a kai.

Girgis Afandi ya tsaya a kansa yana duba agogo. "Ya Usta, don Allah ka bar wannan kwanciyar. Ba wanda zai tambaye ka."

"Ɗan wani ne zai kwanta a kai, ya Afandi. Ya bar uwarsa a can bayan teku, ya zo nan ana harbinsa, sannan kuma gado ya kayar da shi?"

Girgis ya juya ya koma mota.

Bayan mako uku ya dawo, kuma a gaban jama'a ya yi maganar, abin da daga baya ya ce ya yi nadamarsa. Ya ce Kyaftin ɗin da ke karɓar gadajen ya ba da umarni kada a ƙara karɓar gadon Bayumi ko ɗaya. Na Shahata kuwa a ci gaba, har ma a ƙara.

Bayumi ya ajiye kofinsa a hankali.

"Karyewa suka yi?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ƙara suke yi?"

"Ya Usta, na ce ba zan iya faɗa ba."

Shahata ya gyara zama, fuskarsa kamar ranar Idi. "Wataƙila sun ji warin gumin wani a jiki. Bature ba ya son gadon da aka riga aka yi masa barci a kai."

Aka yi dariya, dariyar da ba ta mugunta ba ce. Amma kafin kwana uku magana ta zaga kasuwannin ƙauyuka cewa Turawa sun gwada gadon mai tsaga uku sun ƙi shi. Wani manomi da ya yi odar gado biyu ya aiko a ce ya fasa, washegari aka gan shi a rumfar Shahata yana sunkuyar da kai. Bayumi ya daina cin abinci. Matarsa Nabawiyya ta ajiye masa wake da gurasa da albasa, ta dawo ta tarar ko taɓawa bai yi ba.

"Abu Ratiba, in ka mutu da yunwa gadon zai gyaru ne?" ta ce, tana kiransa da sunan 'yarsu. "Ka tafi ka tambaye su mana. Baki gare su."

"Soja ne, mace. Ba a tambayar soja."

"To zauna. Ni dai na san wanda na aura, in akuya ta ci masa zarba sai ya bi ta har gidan mai ita."

Da safe babbar mota ta zo kwasar gadajen Shahata. Aka gama lodi, direba ya zagaya baya don ya ɗaure tamfol, sai ya ga mutum zaune a can saman tulin, wuƙa da guduma a cinya, ƙullin gurasa a gefe. Girgis Afandi, wanda ya zo tare da motar, ya roƙe shi, ya tsorata shi da kurkuku, ya haɗa shi da Annabi da Budurwa Maryamu duka biyun. Bayumi ya ce shi ba faɗa ya zo yi ba, so yake kawai ya ga gadonsa guda ɗaya da ya yi laifi, a nuna masa inda ya karye, ya dawo gida. Rana na ta yi. A ƙarshe Girgis ya ce wa direba ya ja, in Kyaftin ya ga dama ya harbe su su biyun.

Suka yi tafiyar kusan yini a ƙarƙashin tamfol. Da aka ɗage shi, Bayumi ya ga fili ba iyaka, tankokin yaƙi jere kamar garken bauna, bakunan bindigoginsu duk sun kalli yamma. Ya sauko yana karanta abin da ya zo bakinsa. Sai iska ta taso, ya ga gefen wata tanka ya kumbura ya sace kamar rigar da aka shanya. Ya matsa kusa. Ya sa yatsa ya ɗaga. Akoko ne aka shafa wa fenti, a ƙarƙashinsa kuma gadajen zarba ne aka jingina da juna aka ɗaure. Bindigar kuwa gwangwanaye ne aka jera a jikin sanda. Ya duba kusurwar gado ɗaya, ya ga kan ƙusa.

"Na Shahata," ya ce a ransa.

Kyaftin Tansli dogon mutum ne mai baƙin fenti a farce. Kafin yaƙi, in ji Girgis, aikinsa zana labule a gidan wasan kwaikwayo. Da ya ji ko wane ne wannan gajeren, bai yi fushi ba. Ya dafe kai da hannu biyu, ya yi wata doguwar magana.

"Ya ce kai ne," in ji Girgis. "Ya ce kwana goma sha biyu yana mafarkinka."

Aka zaunar da Bayumi a kan jarka, aka ba shi shayi mai madarar gwangwani, aka yi masa bayani. Jiragen Jamus na zuwa kullum su leƙa daga sama su ƙirga tankoki. Ana so su ƙirga waɗannan na akoko, su ɗauka daga nan za a far musu. Tankokin gaske kuwa an yi musu rumfar tamfol sun koma kamar motocin kaya, ana ta sulalewa da su wani wajen.

"To ni ina laifina?"

Kyaftin ya kama hannun rigarsa ya ja shi bayan wani tudu, inda wasu daga cikin motocin ƙaryar nan masu tankar gaske a ciki suke. A inuwar kowace, sojoji ne kwance, wasu na karanta wasiƙa, wasu sun rufe fuska da hula. Ba a ƙasa suke ba. Bayumi bai buƙaci ya kife ko ɗaya ba, ya san aikinsa daga nesa kamar yadda uwa ta san tafiyar ɗanta.

Ashe abin da ya faru ke nan. Mutanen tanka a ƙasa suke kwana, tare da kunama da tsakuwa da sanyin asuba. Wani ya gano cewa a cikin gadajen da ake ta kawowa akwai masu tsaga uku a ƙafa, waɗanda ƙato zai kwanta a kai ya yi juyi bai ji ko ƙis ba. Labari ya bazu. Kyaftin ya gina tanka da yamma, da safe ya tarar an zare mata haƙarƙari, ta durƙusa kamar raƙumi. Cikin gadaje ɗari da sittin da Bayumi ya aiko, goma sha ɗaya suka rage a bakin aiki. Na Shahata kuwa ba wanda ya taɓa sata. An gwada sau ɗaya.

Wani jibgegen saje mai jan gashi, Wilkot, ya tashi zaune a kan nasa. Da aka gaya masa ko wane ne baƙon, ya miƙe tsaye ya sara masa kamar janar, sauran suka yi ta tafi. Bayumi bai san inda zai sa fuskarsa ba. Yunwar kwana huɗu ta taso masa gaba ɗaya, ya kwance ƙullin gurasarsa a nan tsaye.

Kyaftin ya sake magana. Girgis ya juya ta.

"Ya ce yana buƙatar hannunka, domin na Shahata suna wargajewa in an yi iska. Amma ya ce ka riƙa yin su... ka rage musu kyau. Ka yi gadon da ba wanda zai so ya kwanta a kai."

Bayumi ya daina tauna. "Ka ce masa hannuna bai iya ba."

"Ya Usta, yaƙi ake yi."

"Na gani. Ka ce masa in na yi mugun gado sau ɗaya, na zama mai yin mugun gado. Yaƙin zai ƙare, ni ina nan a bakin hanya."

Bayumi ya kalli tankokin akokon can nesa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaya ko wa zai duba su, kuma daga ina. Aka nuna masa sama. Ya ce a ɗora shi a kan mota mafi tsawo. Aka ɗora shi, ya tsaya iska na kaɗa masa riga, ya leƙa ƙasa ta wannan gefe, ya leƙa ta wancan. Ya sauko yana girgiza kai.

"Afandi, tun farko ku kuka ɓata magana. Kun ce gado, na ba ku gado. Abin da zai riƙe ƙyalle, ya tsaya a iska, mutum ɗaya ya ɗauka da hannu, ai wannan ba gado ba ne. Akurki ne."

Ya zare zarba daga wani karyayyen gadon Shahata, ya zauna a kan yashi, ya danne da yatsan ƙafa. Ya tsaga kowace gida huɗu, ya huda, ya cusa, ya bar tazarar da kaza ba za ta fita ba amma gwiwar mutum za ta shige. Kafin shayi na biyu ya huce ya gama bango ɗaya. Kyaftin ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya girgiza shi, ya jefar, ya sake ɗauka. Ko motsi bai yi ba.

Saje Wilkot ya karɓa, ya ɗora a kan jarka huɗu, ya fara kwance ɗamara.

"Ka ce masa kada ya kwanta," in ji Bayumi. "Na kaji ne."

An gaya masa. Ya kwanta. Sai da mutum uku suka taru kafin a zaro shi, yana zagi da yarensu, Kyaftin kuwa yana dariya har da hawaye.

Kafin a mayar da shi gida, Kyaftin ya daina dariya. Ya ce rayukan waɗannan samarin duka suna rataye da abin da Bayumi ya gani, kada ya gaya wa kowa, ko matarsa. Bayumi ya ɗaga hannun dama ya karanta Fatiha, ya rantse.

Sai a hanya ya gane abin da ya ɗaukar wa kansa. Ya je neman amsa, ya samo wadda ta fi wadda yake fata, kuma ba shi da ikon faɗa.

Washegari aka gan shi yana tsaga zarba siri-siri. Shahata ya tsallako hanya, ya ɗaga bango ɗaya ya leƙa ta cikinsa.

"Jama'a, ku zo ku gani! An sauke Usta daga mutane an mayar da shi wajen kaji. Wannan ma za ka kwanta a kai, ko sai ka yi ƙwai tukuna?"

Bayumi ya ci gaba da huda. A gida Nabawiyya ta tsare shi da tambaya, ya ce ya yi rantsuwa. Ta dube shi yana share kwano na biyu na wake da gurasa, ta ce, "To, ko mene ne, ba karyewa suka yi ba." Ba ta ƙara tambaya ba.

Da kaka aka fara jin rugugin manyan bindigogi daga arewa maso yamma, kamar hadarin da ba ya isowa. Bayan kwanaki aka ce an kori Jamus, rundunar tankoki ta bi su yamma. Girgis Afandi ya daina zuwa. Ba wanda ya zo ya ce wa Bayumi rantsuwarsa ta ƙare, shi kuma bai ga dalilin da zai sallami kansa ba. Masu sayen gado suka ragu ƙwarai. Ya koma yin akurki da keji, ƙaninsa ɗaya ya tafi aikin tashar jirgin ƙasa. A shagon gahawa, in Shahata ya yi masa kukan zakara, sai ya yi murmushi ya kurɓi shayi. Wasu ranakun murmushin na yi masa wuya.

Sai bazara ta zagayo. Wata ranar kasuwa da hantsi, jerin manyan motoci masu goyon tankoki suka fito daga hamada za su sansani, ta gaba ta yi zafi ta tsaya cak a kan gadar magudanar ruwa, sauran suka yi layi har gaban shagon gahawa. Tankokin sun ƙone da rana, fentinsu ya kankare. A bayan kusan kowace, tare da bokitai da barguna, an ɗaure wani abu baƙi ƙirin da hayaƙi da mai.

Shahata ne ya fara ganewa. "Gado ne! Wallahi gadajena ne suka dawo!" Ya ruga, jama'a suka bi shi. Ya ɗare kan motar, ya juya ƙafar gadon don ya nuna musu ƙusarsa. Ya tsaya. Ya goge wurin da hannun riga. Ya matsa ga na gaba, ya duba, ya wuce na uku.

"Me ka gani, ya Shahata?" wani ya tambaya daga ƙasa.

Shahata mutum ne mai baki, amma ba maƙaryaci ba ne. "Tsaga uku," ya ce.

Wani jibgege mai jan gashi ya leƙo daga saman tanka, ya hango Bayumi a bakin rumfarsa, ya kurma ihu. Saje Wilkot ne, ya rame, ya kuma tsinci Larabci kaɗan a hanya. Ya sauko da gadonsa a ka, ya dire shi a tsakiyar titi, ya buga shi da tafin hannu yana lissafa wa jama'a da yatsu: Alamain, Tubruƙ, Bangazi, Tarabulus, Tunis. Ya kwaikwayi barci da minshari. Ya sumbaci yatsunsa.

Bayumi bai ji rabin abin da ake faɗa ba. Ya durƙusa yana duba ƙafar hagu ta wajen ƙafafu, inda wani abu mai zafi ya fizge rabinta, aka haɗa da waya da ƙusa biyu.

"Wane ne ya yi wannan?"

Saje ya nuna kansa da alfahari.

"Allah ya shirye ka, ya Bature. Ƙusa!"

Ya aika aka kawo masa wuƙa da guduma da zarba. Ya zare ƙusoshin ya miƙa wa Shahata ba tare da ya dube shi ba, ya sassaƙa sabuwar ƙafa, ya huda, ya cusa. Motar gaba ta riga ta tashi, na baya suna ta danna ham. Bayumi ya cire takalmi ya kwanta a tsakiyar titi. Dama sau uku. Wani hafsa ya zo yana ɗaga murya, Saje ya tare shi da ƙirji. Hagu sau uku. Ya tashi ya zauna a gefe, ya yi 'yar tsallensa, ya saurara. Sannan ya ce a ɗauka.

Da ƙura ta lafa, manomin nan da ya fasa gado biyu yana tsaye a bakin rumfa, yana tambaya ko Usta yana da lokaci.

Bayan la'asar suka zauna a teburinsu. Shahata ya daɗe yana juya cokali a kofi, ba kukan zakara. Can ya sassauta murya.

"Bayumi, don girman Allah. Gadajena fa? Sun fi dubu. Ko ɗaya ban gani ba."

Bayumi ya tuna da su jere a fili, sanye da akoko, suna jiran jiragen Jamus.

"Naka sun yi aikin da ya fi nawa haɗari, ya Shahata. Su aka sa a gaba. Fiye da haka ba zan faɗa ba, na yi rantsuwa."

Shahata ya gyara zama, kafaɗunsa suka dawo wurinsu. Kafin magariba duk gari ya ji cewa gadajen Shahata su aka sa a gaba, kuma ya shekara ashirin yana faɗar haka.

Sauran labarin daga bakin Girgis Afandi aka ji shi, bayan yaƙi, lokacin da ya zo yi wa 'yarsa odar gado. Ya ba da shi a shagon gahawa tun daga tulin gadaje har zuwa faɗuwar Saje. Aka juya ga Bayumi a ji ko haka ne. Ya ce shi dai Kyaftin ne ya sa shi rantsuwa, ba Afandi ba, kuma Kyaftin bai dawo ba tukuna. Har ya tsufa, har gwiwa ta hana shi zaman ƙasa ya koma nuna wa jikoki da sanda, in aka tambaye shi abin da ya gani a hamada, sai ya ce yashi.